Garin Shayi Na Gida: A Daka Yaji, A Bar Madara Da Sukari A Waje

Da zarar hunturu ya kama, masara ta shiga rumbu, auduga ta fara isa kasuwa, sai wata ƙaramar sana'a ta farfaɗo a garuruwanmu na kudancin Katsina. Duk mai wayar hannu ya san ta. Hotunan robobi ne ke yawo a WhatsApp da Facebook, cike da gari mai launin ƙasa-ƙasa, an manna wa kowace roba takarda mai ɗauke da suna da harshen waje: chai latte. Matan aure ke haɗawa a gida, 'yan mata ɗalibai na tallatawa, ana aikawa a mota daga Funtuwa zuwa Bakori, Ƙafur da Malumfashi. Bayanin da ke biye da hoton kusan iri ɗaya ne ko'ina: zuba cokali biyu ko uku a kofi, ƙara ruwan zafi, ka sha. An ce ganyen shayi, madara, sukari da kayan ƙamshi duk suna ciki.

Ina murna da wannan sana'a, domin duk abin da zai sa mace ta sami na kanta daga cikin ɗakinta abin maraba ne a wannan zamani. Amma ina da ja a kan yadda ake haɗin. A ganina an kwafo tsarin wasu mutane ne da yanayinsu da kasuwarsu suka bambanta da namu, kuma sassa biyu na haɗin, wato madara da sukari, bai kamata su shiga robar ba tun farko.

Bari mu fara da sunan. Kalmar "chai" ta Indiyawa da "shayi" tamu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Daga "cha" ta Sinawa suka fito. Farisawa suka ɗauka, Larabawa suka ce "shay", mu kuma muka ara daga Larabci. "Latte" kuwa madara ce da harshen Italiya. Ashe dai abin da aka rubuta a jikin robar, idan aka fassara shi, shayi da madara ne kawai, abin da mai shayin tashar mota yake shekawa tsakanin kofi biyu tun kafin a haifi masu tallar.

Su kansu Indiyawan ba su daɗe da shan sa haka ba. Turawan Ingila ne suka buɗe gonakin shayi a Assam tun daga shekarun 1830, kuma kusan duk abin da aka noma Ingila ake kaiwa. Sai a farkon ƙarni na 20 ƙungiyar masu gonakin ta tashi haiƙan don koya wa 'yan ƙasa shan shayi, tana bin masana'antu da tashoshin jirgin ƙasa. Masu sayarwa a bakin hanya suka ga ganyen da tsada, sai suka rage shi, suka cika tukunya da madara da sukari da kayan yajin da suka saba da su a girki. Haka shayin masala ya samu. A shekarun 1990 shagunan gahawa na Amurka suka ɗauke shi, kamfanoni irin su Oregon Chai, wanda aka kafa a 1994, suka mayar da shi ruwa mai zaƙi a kwali, daga baya aka yi na gari. Wannan na garin ne ya zagayo ta intanet ya iso Funtuwa.

Mu kuwa haɗa nono da kayan yaji ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wace fura ce ake dakawa babu citta da kanumfari da barkono? Bahaushe ya daɗe da sanin cewa zafin citta da sanyin nono suna tafiya tare, kamar yadda ya san masoro da kimba a yajin mai jego. A Senegal ma kimbar nan tamu, wadda suke kira "jar", ita ce sirrin gahawar Tuba da mabiya Shehu Ahmadu Bamba suka yaɗa har ta zama abin shan kowa a titunan Dakar. Su ba su je neman kadamon daga Guatemala ba kafin su yi abin da ya zama nasu. Garin Funtuwa kuma, da yake mahaɗar hanyoyi ne, ga ta Zariya zuwa Gusau da Sakkwato, ga ta Malumfashi zuwa Katsina, ga ta Birnin Gwari, ya daɗe da masu shayin da ba sa kashe wuta saboda direbobin manyan motoci. A teburinsu an san bambancin shayi kauri da ruwan bunu, an kuma san mai citta da mai kanumfari. Saboda haka tambayar da ke gabanmu ita ce yadda za a zuba wannan tsohon sani a kwalba ba tare da an lalata shi ba.

Tsarin da aka kwafo daga Amurka yana tsaye ne a kan abubuwa huɗu: garin shayi mai narkewa, garin madara, wata hoda da ake kira kirima, da sukari. Kayan ƙamshin ɗan kaɗan ne ake barbaɗawa. Matsala ta farko tana ga shayin. Garin shayi mai narkewa ba niƙaƙƙen ganye ba ne. A masana'anta ake dafa ganyen, a tace ruwan, a busar da ruwan da inji har ya zama hoda, shi ya sa yake narkewa ƙurmus. Wannan hoda ba ta cika samuwa a kasuwanninmu ba, don haka mai haɗawa sai ta farke jakunkunan shayi ta niƙe ganyen ta zuba. Ganye kuwa ba ya narkewa komai laushinsa. Zai kwanta a gindin kofi kamar laka, ya ci gaba da sakin bauri muddin yana cikin ruwan. Kurɓin farko ya yi salam, na ƙarshe ya ɗaure harshe. Maganin da mai haɗawa kan yi wa baurin shi ne ƙarin sukari, kuma daga nan ne lissafi ya fara ɓaci.

Sai madara, inda nake son mu ɗan daɗe. Mai karatu ya san yadda Bafulatana ke kaɗa nono ta kwashe man shanu, abin da ya rage a kira shi tsala, kuma ya san kuɗin tsala ba ɗaya ba ne da na kindirmo. To, abin da manyan masana'antun madara na Turai suke yi ke nan, sai dai su da inji. Sukan cire man, su sayar da shi da tsada a matsayin bota, sannan su ɗauki abin da ya rage su zuba masa man itatuwa, galibi tataccen manja, su busar ya zama gari. Wannan gari ya fi cikakkiyar madara araha nesa ba kusa ba, kuma Afirka ta Yamma na cikin manyan kasuwanninsa, musamman bayan da Tarayyar Turai ta soke ƙayyade yawan madarar da manomanta za su samar a watan Afrilun 2015. Abin ya kai ga makiyaya da masu sarrafa nono a Burkina Faso, Nijar, Mali da maƙwabtansu suka ƙaddamar da gangamin kare nonon gida a 2018.

A nan Najeriya ba a ɓoye yake ba. Kamfanonin da ke ƙulla irin wannan madara a 'yan ƙananan leda suna rubutawa a jiki cewa da man itatuwa aka haɗa, kuma ba haram ba ne, ba guba ba ne. Ita ce ma ta sa talaka ya iya sayen madara ta kofi ɗaya. Amma mai haɗa garin shayi ba 'yar leda take saye ba. Awo take yi daga buɗaɗɗen buhu a kasuwa, a gwangwani ko a mudu, kuma sau da yawa ita kanta ba ta ga rubutun jikin buhun ba. Tana iya zama cikakkiyar madara, tana iya zama mai manja, tana iya zama kirima. Ita kirimar ma ba madara ba ce sam: zaƙin masara ne da man itatuwa, da ɗan abin da zai sa ta yi fari a kofi. Da zarar an cakuɗa da citta da kirfa, ƙamshi ya rufe komai, babu harshen da zai iya rarrabewa. Mai saye ya yi cinikin biri a sama.

A ce ma an dace da cikakkiyar madara. Ita kuma maiƙonta, wanda ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta, ba ya jure zafi da iska. Kamfani yakan rufe ta a gwangwani ko leda mai ƙarfe-ƙarfe a ciki don haka. A robar da ake buɗewa safe da yamma, a ɗakin kwano, cikin zafin Maris da Afrilu, ba a daɗewa take canja wari ta yi gafi. Idan damina ta sauka kuma, danshin Agusta ya shiga, sukari ya jawo ruwa, gari ya dunƙule kamar dutse. Haɗin da aka tsara don ɗakin girki mai sanyi a Amurka ba zai zauna lafiya a Ɗandume ba. Hunturu kaɗai ke rufa masa asiri.

Akwai kuma abin takaici a gefe, wanda ba zan iya wucewa ban ambata ba. Muna zaune a yankin da shanu suke, amma madarar kofinmu ta jirgin ruwa take zuwa, farashinta yana bin dala. A watan Fabrairun 2020 Babban Bankin Najeriya ya taƙaita bayar da kuɗin waje na shigo da madara ga kamfanoni shida kacal, da nufin tilasta zuba jari a kiwon gida. A watan Maris na 2024 ya janye matakin. Tsakanin waɗannan shekaru satar shanu da ta'addancin 'yan bindiga a Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara sun tarwatsa rugage da dama. Wanda ya san yawan ƙoren nonon da ke shigowa kasuwannin ƙauye a da, ya san an yi asara. Duk da haka, inda ake samun madarar shanu sabuwar tatsa, ita ce ta fi dacewa da wannan shayi, da sharaɗin a tafasa ta sosai, domin ɗanyar madara na iya ɗauke da cututtuka irin su tarin fuka na shanu.

Batun sukari gajere ne, lissafi ne kawai. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana. Ga baligi matsakaici wannan kusan giram 50 ne, wato ƙaramin cokali 12, kuma hukumar ta ce rabin haka ya fi. Ƙwarar sukarin kwali ɗaya ta kai giram 5. Wanda ya jefa huɗu a kofin safe, huɗu a na dare, ya kusa cinye kasonsa tun bai taɓa koko, kunu ko lemon kwalba ba. To shi wannan aƙalla yana ganin abin da ya jefa, yana iya ragewa. A garin da aka riga aka haɗa, sukari ne yakan fi kowane abu yawa, domin a awo ya fi madara da kayan ƙamshi araha, kuma ba ya cirewa. Mai son shayinsa ya yi kauri zai ƙara cokali, ƙarin cokali kuwa ƙarin sukari ne. A gidan da akwai tsoho mai ciwon sukari, ko uwa mai hawan jini da ƙiba, roba ɗaya ba za ta yi wa kowa ba.

Abin da nake ba da shawara shi ne a haɗa kayan ƙamshin kaɗai. Su ne ke da wahalar tanadi kullum, su ne kuma ke jure ajiya. Ganyen shayi ya zauna a kwalinsa, madara a mazubinta, sukari a nasa.

Citta ce uwar tafiya, kuma ita ce tamu ta gida. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi noma ta a duniya, kuma mafi yawanta daga kudancin Kaduna take fitowa: Kaciya, Jaba, Kagarko da kewaye. A daminar 2023 wata cutar fumfuna ta afka wa gonakin yankin ta ruɓar da mafi yawan amfanin, iri ya yi wuya, farashi ya yi tashin da duk mai dafa zoɓo ko kunun zaƙi ya ji a jikinsa. Duk lokacin da abu ya yi irin wannan tsada, algus kan biyo baya, kuma niƙaƙƙen gari ne ya fi sauƙin yi wa algus. Don haka a sayi busasshiyar citta mai yatsu, tsagaggiya, a karya a duba cikinta. Idan ta yi baƙi-baƙi ko toka-toka, ko tana warin rima, a bar ta. Kayan yajin da aka shanya a ƙasa suka sha danshi na iya ɗaukar gubar afulatoksin, irin wadda ake tsoro a gyaɗa da masara, kuma tafasa ba ta kashe ta. Busasshiyar citta ta fi ɗanya zafi, domin bushewa na juya sinadarin da ke cikinta zuwa wani mai kaifi. Kada a auna ta da idon ɗanya.

Kanumfari baƙo ne da ya zama ɗan gida. Daga Zanzibar da Pemba, Madagaska da Indonesiya yake zuwa. Mai kyau yana da kansa a jiki, yana da nauyi, idan aka danna shi da farce sai ya yi ɗan maiƙo. Wanda aka riga aka tatse mansa yakan yi haske ya yi shakwaf. Ƙarfinsa ya wuce girmansa, kuma yawancin garin shayin da na ɗanɗana kanumfari ne ya kashe su: harshe ya yi dundum kamar an je wurin likitan haƙori, sauran ƙamshin duk ya ɓace.

Kirfa iri biyu ce. Akwai ta Siri Lanka, mai siririn ɓawo da aka naɗe ninki-ninki, mai saurin karyewa. Akwai kuma mai kauri da tauri da ke zuwa daga Sin, Biyetnam da Indonesiya, wadda ita ce ta cika kasuwanninmu. Wannan ta biyun tana da wani sinadari, kumarin, wanda yawansa kan wahalar da hanta. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta sa iyakarsa a miligiram 0.1 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Ɗan abin da ke shiga kofin shayi ba abin damuwa ba ne. Masu kamfatar cokali guda kullum da sunan maganin sukari ko rage ƙiba su ne ya kamata su yi hattara.

Ga awon da na ga ya daidaita, da babban cokali, bayan an daka kowanne: citta huɗu, kirfa biyu, kanumfari ɗaya bai cika ba, masoro rabi, kimba rabi. Mai hali ya ƙara kadamon ɗaya, amma ba dole ba ne, kuma ni na fi son abin da kimba ke bayarwa, wani ɗan ƙamshin hayaƙi da ke zama a maƙogwaro. Ita kimba ɓawonta ne ke da ƙamshin, 'ya'yan cikinta ɗaci ne da su, don haka a fasa a zubar da su. Kanumfari, masoro da kimba a ɗan gasa su a busasshen kasko, wuta kaɗan, har ƙamshi ya tashi, a sauke su huce. Citta da kirfa ba sa buƙatar wuta.

Wurin niƙa ma akwai magana. Injin unguwa ya niƙa barkono da safe, ya niƙa daddawa da rana, kuma duk abin da ya bi ta cikinsa sai ya bar saƙo. Shayi mai warin kuka da daddawa ba ya shayuwa. Turmi mai tsabta, wanda aka keɓe, ya fi. A daka kowane iri daban domin taurinsu ba ɗaya ba ne, a tankaɗe da rariyar laushi, sannan a haɗa. A zuba a kwalbar gilashi mai murfi, busasshiya ƙayau, a ajiye nesa da murhu da hasken rana. Kada a yi da yawa. Ƙamshin kayan yaji mai ne da ke tashi a iska, kuma daga ranar da aka daka yake fara guduwa. Na wata biyu ya isa.

Dafawa ba ta wuce minti goma ba. A tafasa ruwa kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na garin, a bar shi minti uku zuwa huɗu, domin kayan yaji sun fi ganye jinkirin saki. Sannan a sa ganyen shayi, minti biyu ko uku, kada ya wuce. A zuba madara a bari ta taso sau ɗaya, a tace. Zaƙi kuma kowa ya sa nasa a kofinsa. Mai son ƙara ɗanyar citta ya tafasa ta a ruwa tukuna kafin madara ta shiga, domin ɗanyar tana da wani sinadari da ke tsinka madara ta yi gudaji, kuma tafasa ce ke kashe shi. A kudancin Sin da gangan suke amfani da wannan hali su daskarar da madara su ci da cokali.

Ganyen ma muna da namu, ko da yake mutane da yawa ba su sani ba. A tsaunin Mambila, a Kakara kusa da Gembu cikin jihar Taraba, ana noman shayi tun shekarun 1970, kuma shi ne ake sayarwa da sunan Highland Tea. Baƙin shayi mai ƙarfi irin wannan, ko irin na Kenya, shi ke iya tsayawa gaban madara da citta. Koren shayin da Buzaye ke dafawa a 'yar buta wani fanni ne daban, ba ya son madara. Wajen zaƙi kuwa, mazarƙwailar da ake yi da raken Ɗanja da Maƙarfi tana ba wannan shayi wani ɗanɗano da farin sukari ba ya bayarwa. Sai dai kada a yaudari kai: a wurin mai ciwon sukari, mazarƙwaila da zuma duk sukari ne.

Na san abin da za a ce mini. Ɗaliba a makarantar ungozoma ta Malumfashi, ko ɗalibin makarantar share fagen shiga jami'a ta Funtuwa, ba shi da tukunya da rariya da minti goma. Ruwan zafi ne kawai a filas. Haka mai noman rani da zai fita ban ruwa da asuba. A wurinsu amfanin haɗin duka shi ne sauƙinsa, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amsata ita ce, wanda dole ta sa shi, ya haɗa na mako ɗaya ko biyu da hannunsa, da madarar da ya ga rubutun jikinta, ya rage sukarin ƙwarai ko ya bar shi daban, ganyen kuma ya tsoma na jaka a kofi maimakon niƙawa. Jakar shayi ɗaya, cokalin madara mai yaji, ruwan zafi: sauƙin bai ragu da komai ba.

Ga masu sayarwa kuma, ina ganin garin yaji zalla ya fi musu riba a kan dogon zango. Jarinsa kaɗan ne, ba ya lalacewa a hannu, hawan farashin madara da sukari bai shafe shi ba, kuma a nan ne gwaninta ke fitowa, domin kowa na iya juya madara da sukari a roba amma ba kowa ya iya daidaita kimba da kanumfari ba. Wadda ta nace sai ta sayar da cikakken haɗi, to ta rubuta abin da ke ciki, daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, kamar yadda ƙa'idar NAFDAC ta tanada ga duk abincin da aka ƙulla don sayarwa, tare da ranar da aka haɗa. Idan kirima ce, a rubuta kirima. Kuma a daina jingina wa garin shayi maganin sanyi, basir, ƙarfin maza da narkar da tumbi. Citta na taimaka wa tashin zuciya, shayi mai zafi na daɗi ga mai mura. Abin da ya wuce haka talla ce.

Dalilin da ya sa na matsa a kan rubutun shi ne yara. A gidaje da yawa shayi da burodi ya maye gurbin koko da ƙosai a karin kumallo, har ga yaron da ake shirin yayewa. Uwa ta ga abu fari a kofi, ta ɗauka ɗanta ya sha madara. A ƙasar Lawos an taɓa samun haka: wani bincike da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2008 ya nuna iyaye da dama suna ba jarirai kirimar gahawa a zaton madarar yara ce, saboda hoton da ke jikin gwangwanin. A jihar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta sha kokawa kan yawan yara masu tamowa, bai kamata mu ƙara wata hanyar ruɗani ba. Shi kansa ganyen shayin yana da sinadarin da ke hana jiki tsotsar ayon daga abinci irin su wake, zogale da hatsi, abin da ke da muhimmanci ga mai ciki da yaro mai ƙarancin jini. Ga babba, barin tazarar awa guda tsakanin abinci da shayi na rage wannan. Ga ƙaramin yaro, a tafasa masa madarar gaske da ɗan yajin kaɗan, a bar ganyen.

Lokacin sayen citta shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da sabuwa ke fitowa daga Kaciya kuma iskar hunturu ke busar da ita da kyau. Wanda ya saya a lokacin ya adana ta da yatsunta a buhun da iska ke ratsawa, a ɗora a kan katako kada ta taɓa ƙasa, zai riƙa dakan kaɗan-kaɗan har damina ta wuce.